Tsohuwar mota mai buɗe sama a Legas: yadda ake sayenta da yadda ake riƙonta

Duk mai zaga Berger, ko layukan masu sayar da motoci na Ikeja da hanyar Lekki, ya san su. Suna can ƙarshen layi ƙura ta hau su: Mercedes SL500, CLK mai rufin yadi, BMW 330Ci, Lexus SC430. A zamaninsu sai wane da wane ke hawansu, yau kuwa akwai wadda kuɗinta bai kai na Corolla mai lafiya ba. Arahar gaskiya ce, amma a ranar saye ta tsaya. Famfon man da ke ɗaga rufi, shokazoba da kwamfutocin da ke cikin motar har gobe farashinsu na motar manya ne, kuma da dala ake kawo su.

Ba cewa muke kada a saya ba. Motoci ne masu kyan ƙira da daɗin tuƙi, wanda ya dace da mai lafiya ya kuma iya riƙonta zai more ta shekaru. Sai dai mai sayen mota ya saba fara duba inji da giya, a nan kuwa rufi ne farko. A Legas ruwa ke kashe irin wannan mota: na sama da ke bi ta robobin rufi, na ƙasa da ke cika titi da damina, wanda ta sha a Amurka kafin a loda ta a jirgi, sai kuma gishirin iskar teku da ke cin ƙarfe a hankali. Inji idan ya mutu ana samun na Beljiyam a kasuwar kayan mota ta Ladipo a ɗora. Rufin da ya lalace da wayoyin da ruwa ya ci su ne ke sa a jingine mota a gareji har tayoyinta su sace.

Wacce za ka nema

Rufin iri biyu ne. Akwai na yadi, irin na CLK, BMW E46 (tsohuwar 3 Series), BMW 6 Series, Audi A4 da Jaguar XK8. Akwai na ƙarfe mai naɗewa ya shige but, irin na SL, SLK, BMW E93 (3 Series da ta biyo bayan E46), Lexus SC430 da IS250C. Ga mazaunin Legas na ƙarfe ya fi, domin rana ba ta cinye shi, fumfuna ba ta kama shi, ɓarawo ba ya tsaga shi da reza ya ɗauki abin da ke kan kujera. Illarsa yawan gaɓoɓi da sansa-sansa, idan guda ta ƙi duka rufin ya tsaya. Na yadi ya fi sauƙin gyara, amma kada ka saye shi in ba ka da rumfar ajiya.

Wanda wannan ce ta farkonsa, ya fara neman Lexus SC430, wadda aka ƙera daga 2001 zuwa 2010. Injinta V8 ne mai lita 4.3, shi ne kuma a LS430 da GS430, saboda haka bakaniken da ya san Toyota ya san shi, kayansa kuma ba sa wuya. Rufinta da lantarki yake motsi, babu mai a cikinsa balle a yi maganar yoyo. Abin kula shi ne taimin bel, ana sauya shi duk mil 90,000, wato kusan kilomita 145,000. Idan ya tsinke inji na tafiya, fistin da bawul za su haɗu, aiki ya zama babba.

A Mercedes, tsofaffin injinan M112 mai silinda 6 da M113 mai silinda 8, waɗanda ke cikin CLK320, CLK500 da SL500 na farko-farko, suna da juriya ƙwarai. Wanda ya biyo bayansu, M272 na CLK350 da SLK350, a shekarunsa na farko yana da wani haƙorin ƙarfe a ciki mai saurin cinyewa. Alamarsa fitilar cek da lambar P0016 ko P0017 a na'ura, gyaransa kuwa sai an sauke inji. SL ɗin 2002 zuwa 2011 ita ce ta fi ɗaukar ido, ita ce kuma ta fi cin kuɗi, saboda abubuwa biyu da za mu zo kansu: shokazoba masu aiki da matsin mai da ake kira ABC, da birkin lantarki SBC. Yawancin SL350 da safirin na yau da kullum suka zo, wannan kaɗai ya rage wa mai ita rabin damuwa.

A BMW, 325Ci da 330Ci na E46 suna da sauƙin sha'ani, haka 328i ta E93. Ita 335i mai turbo famfon manta ba ya jure gurɓataccen fetur, kuma a nan fetur iri ɗaya ake sayarwa, ba ka da zaɓi. 645Ci da 650i a bar su a tsaye suna aiki minti 15 sannan a taka totur. Idan shuɗin hayaƙi ya fito, sil ɗin bawul sun ƙare, aikin kuma mai tsada ne. Jaguar, da Audi mai giyar CVT, a bar wa wanda ke da haƙurin jiran kaya daga waje. Motar da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu ko kallonta kada ka yi.

Kowacce ka zaɓa, kada ta zama ita kaɗai ce motarka. Daga Yuni zuwa Yuli akwai makonnin da ba za ta fita ba.

Lambar shasi da takardu

Kafin ka taɓa makulli karɓi lambar shasi, VIN, mai haruffa da lambobi 17. Tabbatar wadda ke ƙasan gilashin gaba ita ce a jikin ƙofar direba, ita ce kuma a takarda. A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, na 10 a jerin shi ke nuna shekara: 1 zuwa 9 na nufin 2001 zuwa 2009, A kuma 2010. Da wannan kake gane motar 2003 da aka sauya wa fitilu da bamba ana kiranta 2009. Rubuta lambar a Google. Idan motar ta bi ta gwanjon Copart ko IAA, sau da yawa hotunanta suna nan yadda take kafin fanel bita ya taɓa ta. Sannan ka biya a ciro maka rahoton tarihin motar daga Carfax ko AutoCheck. Motoci masu buɗe sama sun fi yawa a jihohin Amurka masu ɗumi irin su Fulorida da Tekzas, can ne kuma guguwa ke nutsar da motoci, kamar Harvey a 2017 da Ian a 2022. Inshora ta biya masu su, ta yi gwanjonsu, wasu suka sauka a tashar jiragen ruwa ta Tin Can a Legas.

Jerin kayan da kwastam ta haramta shigowa da su ya ƙunshi motar da ta haura shekara 12 da ƙerawa, kuma a Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakokin tudu irin su Seme. To idan aka ce maka motar 2005 yanzu ta sauka daga jirgi, takardar diyutinta na son duba na musamman. Kai da kanka ka kai ta ofishin kwastam a tantance, kada ka aiki yaron dillali. A cikin gari ba lallai a tambaye ka ba, amma ranar da ka kama hanyar Ibadan za ka gida za ka gamu da masu tambaya. Idan ta hannu ce da aka hau a Najeriya, ka ga mai ita ido da ido, sunansa ya dace da na takardar mallaka, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, a yi canjin suna nan take.

Gwajin rufi

Je ka da safe inji na sanyi, da tocila, da farin ƙyalle, da abokin tafiya, da mai na'urar da ta dace da motar: Star ko Xentry ga Mercedes, ISTA ga BMW, Techstream ga Lexus. 'Yar ƙaramar na'urar da ake haɗawa da waya inji kawai take karantawa, ba ta ganin kwamfutar rufi.

A tsayar da motar a wuri mai daidai, a tada inji, a ja labulen da ke raba kaya da wurin rufi a cikin but, domin in bai zauna a mazauninsa ba rufin ba zai motsa ba ko lafiyarsa ƙalau. Sai a buɗe a rufe sau uku a jere, kana riƙe da agogo. SL tana gamawa a daƙiƙa 16, E93 wajen 22, SC430 wajen 25. Dalilin sau uku shi ne famfon da ya gaji ko silindar rufi (sandar da mai ke turawa ta motsa rufin) da ke zubar da matsi a ciki suna iya yin na farko lafiya, sai mai ya ɗumama su fara ja da baya. Tsaya a bayan motar ka ga ko ɓangarorin biyu suna tashi tare. Idan ɗaya na riga ɗaya, ko rufin na tsayawa ya yi tsalle, ko sai an danna shi da hannu kafin ya kulle a saman gilashi, akwai magana. Gilasan ƙofa su sauka kaɗan da kansu idan an buɗe ƙofa, su koma idan an rufe. In ba sa yi, suna dukan roba suna yaga ta.

Idan rufin bai motsa ba za ka ji an ce, “Alhaji, fiyus ne kawai.” Da fiyus ne, da an sauya shi tun kafin ka zo, domin rufi mai aiki shi ke ɗaga kuɗin motar. Ko dai a gyara a gabanka, ko ka yi ciniki a kan cewa rufin gaba ɗaya matacce ne, ko ka tafi.

Daga nan sai neman mai. Shafa farin ƙyallen a silin daidai saman gilashin gaba, inda silindar kulle take, da bayan kujeru, da gefunan but bayan ka ɗaga kafet. Tabon mai a silin na nufin sil ya fashe. SL tana da silinda 11, SLK ta farko tana da 5, kuma duk rana ɗaya aka ɗaura su. Idan guda ta fara ɗiga, sauran suna hanya, saboda haka lissafin gyaran duka za ka yi. Duba 'yar tankin da ke jikin famfo: man ya kasance garau, yana tsakanin layukan biyu. Wanda ya yi baƙi, ko ja irin na giya, alama ce wani ya zuba abin da ba shi ba.

Sai gwajin ruwa, wanda masu saye da yawa ke jin nauyin nema. Kada ka ji. A rufe komai, abokinka ya zauna ciki da tocila, kai kuma ka saki tiyo a kan rufin minti 10, ruwan na zuba da kansa ba da matsi ba. Ya lura da kusurwoyin saman gilashin gaba, da inda gilashin ƙofa ya haɗu da na baya. Bayan nan a buɗe but a fitar da safaya a taɓa ƙasan ramin. A SL, batir ɗaya da famfon rufi da famfon iska mai kulle ƙofofi duk a but suke, kuma soson da aka naɗe famfon iskar da shi yana shan ruwa ya riƙe har ya kashe shi. A BMW Z4 ta farko injin rufin yana zaune ne a wani rami da ruwa ke taruwa idan magudana ta toshe.

Rufin yadi kuma a duba ɗinki, da wuraren lanƙwasa inda yake fara cinyewa, da gam ɗin da ya riƙe gilashin baya. Shiga ciki a rana ka ɗaga kai. Inda haske ya ratso, ruwa ma zai ratso.

Alamun ta sha ambaliya, da sauran jiki

Wankin gareji yana gyara abin da ido ke gani ne kawai. Ja bel ɗin kujera har ƙarshensa ka nemi layin laka. Tura kujera baya ka haska ƙarafan da take gudu a kai. Tsatsa a nan ba ta da dalili sai ruwa. Cusa hannu ƙarƙashin kafet ka matsa soson, ka ji ko da yashi ko danshi. Cire soket ɗaya ko biyu na ƙarƙashin kujera da akwatin fiyus, idan bakinsu ya yi kore ruwa ya kwana a wurin. Motar da aka cika wa turare a rufe ta a rana minti 20 sannan a shaƙa. Wadda ta sha ambaliya tana iya tashi yau lafiya, bayan wata uku kwamfutocinta su fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Babu farashin da ya sa ta zama riba.

Da yake babu rufin da ke ɗaure jikin, ƙarfin irin wannan mota yana ƙasanta ne da dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi. Idan ta taɓa yin mummunan karo aka ja ta, rufin ba zai sake zama daidai ba. Hau da taya ɗaya kan dakali ko bakin kwata, ka buɗe ƙofofin ka rufe. Idan suna kamawa, jikin ya saki. A kai ta kan rami a duba tsatsa a wuraren sa jak, a E46 kuma a duba tsagewa a inda ƙarfen tayoyin baya ya kama jiki. Kana ƙasan ka tabbata ba a sare indomin salansa, wato matatar hayaƙi, an sayar ba.

Ga SL mai ABC, roƙi a bar ta inda ta kwana kada a tada ta kafin ka iso. Kusurwar da ta durƙusa cikin dare tana da bawul ko shokazoba mai zuba. Zaro sandar gwajin man ka goga a ƙyalle: kore garau ake so, baƙi na nufin an daɗe ba a sauya ba kuma famfo na cin kansa. Danna maɓallin ɗaga mota ka ga ta tashi ta sauka daidai. Jan gargaɗi a dashbod game da ABC ko birki ba abin da ake gogewa da na'ura a manta ba ne. Famfon SBC yana ƙirga yawan taka birki, idan ya cika adadinsa sai sauyi.

A Mercedes mai giya 5, a duba soket ɗin da ke shiga giyabos. Yana yoyo, man ya bi cikin waya har ya kai kwamfutar giya. Soket ɗin ba shi da tsada, kwamfutar ce mai tsada.

Gwajin tuƙi ba zagaye layi ba ne. Shiga gosulo da ita rabin awa da esi a kunne, idonka na kan gejin zafi, sannan ka samu buɗaɗɗen titi ka ji yadda giya ke shiga.

Duk abin da aka gano a rubuta, a sa masa kuɗi, a cire daga farashi. Shawararmu kuma, idan abin da ke hannunka duka zai tafi a saye da la'ada, ba ka shirya ba. Ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kuɗin motar don shekarar farko.

Watan farko

Ka ɗauka ba a taɓa yi mata sabis ba, duk abin da aka faɗa maka. Baƙin mai da filta: M113 na shan kusan lita 8, injin E46 lita 6.5, SC430 wajen lita 5. Ga Mercedes nemi mai lambar 229.5 a jikin galan, ga BMW LL-01, irin su 5W-40, daga dila da aka sani, domin jabun mai ya yi yawa a kasuwa. Injin da ke wuni a gosulo yana aiki ko da mota ba ta tafiya, saboda haka a sauya duk kilomita 5,000 zuwa 7,000 ko wata shida. Man giya da filtarsa a sauya yanzu, sannan duk kilomita 60,000. Man birki DOT 4 duk shekara biyu, domin yana shan danshin iska, Legas kuwa danshi ba ya yankewa. M113 fulogi 16 gare shi, M112 kuma 12, biyu a kowace silinda. A tabbata an sauya duka, har na lungu.

A lagireto a zuba kulan rabi, tataccen ruwan batir mara asid rabi. Ruwan rijiya ko na famfo zalla yana cin alminiyam daga ciki. Ga E46, tankin roba na ruwa da famfon ruwa da tamostat da tiyoyi a sauya su tare tun ba su fashe ba. Zafi sau ɗaya ya isa ya lanƙwasa tof silinda. Famfon ruwan E93 na lantarki ne, mutuwarsa ba ta sallama. Kada ka yarda a cire tamostat ko a haɗa fanka kai tsaye da sunan wai motar ƙasar sanyi ce. Injin da ba ya kai zafinsa yana shan mai fiye da kima yana tara datti, ainihin abin da ke sa shi zafi kuma yana nan ba a gyara ba.

Tayoyi a duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefensu: 2318 na nufin mako na 23 na 2018. Irin wannan mota ba a cika hawanta ba, sai ka ga taya da zanenta cif amma ta tsufa ta bushe. Sai takardun hanya: lasisi, shaidar lafiyar mota daga cibiyar LACVIS, da inshora. Mafi ƙaranci, wadda ta koma naira 15,000 tun 2023, motar wani take biya ba taka ba. Idan za ka yi babbar inshora tambayi ko ambaliya na ciki, a nuna maka a rubuce.

Riƙon rufi

Rufin da ba a motsa shi shi ke fara lalacewa. Sil yana bushewa, suwic-suwic suna kamawa. Ko da damina, buɗe shi ka rufe sau ɗaya a mako a ƙarƙashin rumfa, inji na aiki, domin famfon yana jan wuta sosai kuma raunin batir kaɗai na iya tsayar da shi a tsakiya. Kada ka bar shi rabi a buɗe ka tafi wani abu. Bayan 'yan mintuna matsin mai yana sauka, rufin ya faɗo a karkace. Idan ya tsaya, kada a tura shi da ƙarfi. Duba labulen but, duba ko but ɗin ya kulle, duba batir. Yawancinsu suna da hanyar rufewa da hannu, da ɗan makullin da ke cikin kayan aikin motar. Nemi littafin motar a intanet ka gwada wannan a gida da mutum biyu tun kafin ranar da hadari zai taso maka a kan gadar Third Mainland.

Magudanan ruwa su ne rabin aikin. Ba a ƙera rufin don ya hana ruwa shiga gaba ɗaya ba. Wani yana wucewa ta roba ya faɗa kwararo, ƙananan tiyoyi su fitar da shi ta ƙasan mota. Ganye da ƙurar hunturu suna toshe su, ruwan ya juya cikin but ko ƙarƙashin kafet inda wayoyi suke. A share su a watan Maris kafin ruwa ya sauka, a sake a ɗan tsagaitawar Agusta kafin na Satumba da Oktoba. Ana zura igiyar roba mai ɗan tauri a hankali, a bi da ruwa kofi ɗaya, a ga ya fito ƙasa. Waya mai tsini tana huda tiyon, iskar mai faci kuma tana fizge shi daga mazauninsa a wurin da hannu ba ya kaiwa. Kada a manta da kwararon da ke ƙasan gilashin gaba, kusa da shi akwatin fiyus da kwamfutar inji suke a motoci da yawa.

Robobi a goge su da ƙyalle mai laima duk wata biyu ko uku, a shafa musu man silikon, ko Gummi Pflege, ko Krytox in an samu. Baƙin mai, man birki, basilin da giris na yau da kullum suna kumbura roba su ruɓar da ita, ko da a ranar ta yi sheƙi. Haka man famfon rufi: na Mercedes ZH-M ne, na ABC kuma Pentosin CHF 11S, kowanne da wurinsa. Man birki a ɗayansu yana lalata kowane sil da ke cikin layin.

Rufin yadi a wanke shi da sabulu mara kaifi da burushi mai laushi. Omo da bilic suna cinye maganin da ke hana shi shan ruwa, injin wanki mai matsi kuma yana buɗe ɗinki. Faɗa wa yaran wankin mota wannan da bakinka, ka tsaya a wurin. Idan ya bushe sarai a fesa masa maganin kare yadi irin su 303 ko RaggTopp, sau biyu a shekara. Kada a naɗe shi da danshi, kwana biyu sun isa fumfuna ta kama. Tamfol na leda da ake lulluɓa mota da shi yana tara gumi a ƙasansa. Rumfa mai iska ta fi, in babu a nemi mayafin mota na yadi.

Tuƙi a cikin gari

Tsakanin waɗannan motoci da ƙasa bai kai taƙi ɗaya ba, kuma bakin da inji ke shaƙar iska yana ƙasa-ƙasa. Ruwan da jip ko danfo ke ratsawa a Lekki, Ajah ko Victoria Island ya isa ya kashe su. Idan ruwa ya kai tsakiyar tayar motar da ke gabanka, juya. Idan kuwa ta mutu a cikin ruwa, kada ka sake murza makulli ko sau ɗaya. Ruwa ba ya matsuwa a cikin silinda, kik ɗaya zai lanƙwasa konrod. A cire kan batir, a ɗauke ta a motar janwe mai shimfiɗa, a kwance fulogi a fitar da ruwan, a duba eya kilina, a duba baƙin mai ko ya koma kamar shayi da madara. A ɗaga kafet a busar da soson a rana. In an bar shi, wayoyin da ke ƙasa za su ruɓe.

Tudun rage gudu a hau shi a karkace, a hankali. Mai ABC ya ɗaga motar tukuna. Manyan rim masu siririyar taya ba su dace da ramukanmu ba, a tsaya a girman da kamfani ya sa. Fetur a riƙe gidan mai ɗaya ko biyu da aka yarda da su. Waɗanda suka ga abin da gurɓataccen man Fabrairun 2022 ya yi wa injina a Legas da Abuja sun san dalili. Buɗe sama kuma yana da lokacinsa: sassafe, yamma, ranakun hutu, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A gosulo a rufe, saboda hayaƙi da masu fizgen waya, da tsakar rana kuma saboda fatar kujeru da ke tsagewa.

Bakanike da kayan gyara

Bakaniken inji daban, mai rufi daban. Kafin ka ba wani rufinka tambaye shi silinda nawa ne a ciki, wane mai yake sha, ka ga na'urarsa. Wanda ya fara da yanke waya don ya tsallake sansa, karɓi makullinka. A SL kada a fara gyaran birki sai an kashe SBC da na'ura, domin buɗe ƙofa kaɗai na iya tada famfon ya matse fistin a kan yatsun mai aiki. A E93 idan an sa sabon batir sai an shaida wa kwamfutar motar, in ba haka ba za ta riƙa caja shi kamar tsohon. SL batir biyu gare ta, na tada inji a gaba, na sauran kaya a but.

Ladipo ta wadatar a kan inji, giyabos, fitilu, ƙofofi da rim. Amma silindar rufi, robobi, tiyoyin ABC da kayan ruwa na roba, na Beljiyam sa'annin naka ne, sun tsufa tare. Silinda gara a kwance taka a sa mata sabon sil mai kyau, ko a aika waje a sabunta. Sauran a yi odar sababbi da lambar shasi, a sa ran makonni kafin su iso.

Idan za ka gida da Sallah ko wata doguwar tafiya, kusan kilomita 1,000 zuwa Kano ba hanyarta ba ce. In dole sai an gan ta a can, a ɗora ta a tirela. In za ta zauna, a cika tanki, a ƙara wa tayoyi iska kaɗan, a rufe rufi a kulle shi sarai, a sa abin tsotse danshi a ciki da cikin but, a sa maganin ɓera kusa da tayoyi domin suna cin wayoyi. Batir a haɗa shi da 'yar caja mai riƙe wuta, ko ƙaramin faifan sola in wutar unguwar ba ta da tabbas. Wanda za ka bar wa makulli ka nuna masa da hannunka yadda ake jan labulen but da yadda ake riƙe maɓalli har rufin ya gama tafiyarsa, ya riƙa tada ta duk mako har inji ya yi zafi, ya ɗan motsa ta gaba da baya don kada birki ya kama.